HAƘƘIN MARAS LAFIYA WANDA BA SHI DA MATSUGUNI A CIKIN DUKIYAR HUKUMA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan wata mas'ala wadda muke tsallake ta kullum a bakin ƙofar masallaci, watau jinyar mutumin da ba shi da gidan kwana. Tambayar ita ce: idan irin wannan bawan Allah ya kwanta rashin lafiya, a kan wa nauyinsa yake? Kuma kuɗin da hukuma take warewa domin lafiyar talakawa, mene ne rabonsa a ciki, ta wace hanya kuma rabon zai isa hannunsa? Za mu duba abin ta fuskar Shari'a, sa'annan ta fuskar dokokin ƙasarmu Nijar, daga nan mu faɗi abin da ya hau kanmu mu jama'ar masallatai a nan Gure.

SU WANE NE MARASA MATSUGUNI A WURINMU?

Da yawa daga cikinmu suna zaton rashin matsuguni ciwon manyan birane ne, domin a al'adarmu ba a rasa zauren da za a sauki baƙo. Amma duk wanda ya fita sallar asuba ya bi ta tasha ko ta rumfunan kasuwa, ya san abin ya iso gare mu. Garinmu yana bisa babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Diffa, kuma tun watan Fabrairu na 2015, lokacin da aka kai hari Bosso da Diffa, dubban iyalai suka bar garuruwansu, wasu suka yada zango a gefen wannan hanya, wasu suka yiwo yamma. Akwai makiyayin da fari ya cinye dabbobinsa ya shigo gari hannu rabbana. Akwai manomin da rairayi ya binne masa gona da kwari. Akwai waɗanda ruwa ya rushe wa ɗakuna, kamar yadda aka gani a daminar 2024, wadda ambaliyarta ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a ƙasar nan, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Akwai mai taɓin hankali da ke yawo ba a san danginsa ba, da tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani labarinsu ya yanke, da matar da lalurar yoyon fitsari ta raba da ɗakin mijinta. Akwai kuma ƙananan almajirai waɗanda makwancinsu rumfa ce ko kangon gida.

Waɗannan su ne cuta take fara kamawa. Mai kwana a fili ba shi da gidan sauro, saboda haka masassara tana jiransa kowace damina. Hunturu yana sa masa ciwon haƙarƙari, cunkoso yana yaɗa ƙazwa da tarin tibi a tsakaninsu. Jiharmu ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa 2023, ta kuma ga mashaƙo a 2023, kuma irin waɗannan cututtuka ba su tsayawa ga wanda suka fara kamawa. Yaron da ke tari a rumfa shi ne zai tsaya sahu ɗaya da ɗanka gobe.

MATSAYINSU A SHARI'A

Masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina shi ne masaukin farko na marasa gida a tarihin Musulunci. A cikinsa aka keɓe wurin da ake kira Suffa domin matalautan sahabbai waɗanda ba su da iyali ko dukiya, cikinsu har da Abu Huraira (R.A.), kuma Annabi (S.A.W.) yakan rarraba su ga gidajen sahabbai domin a ciyar da su. A harabar masallacin ne kuma Rufaida Al'aslamiyya (R.A.) ta kafa hemarta tana jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, a wannan hema aka kwantar da shi bisa umurnin Annabi (S.A.W.), domin ya riƙa duba shi daga kusa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai sharar masallaci, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba domin an ɗauki al'amarinta ƙarami. Da ya rasa ganinta sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Abin lura a nan shi ne, shugaban al'umma da kansa ne ya gane cewa babu ita.

Bayan da daula ta kafu aka sami baitulmali, sai wannan nauyi ya koma cikin lissafin hukuma. Malam Balazuri ya kawo cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya wuce wasu kutare Nasara a Jabiya ta ƙasar Sham, ya yi umurni a yanka musu abinci daga dukiyar jama'a. Alƙali Abu Yusuf ya kawo labarin tsohon Bayahuden da Umar ya tarar yana bara, ya sauke masa jizya, ya sa baitulmali ya ɗauki nauyinsa da na ire-irensa. Malam Ɗabari ya ambaci cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki ya yanka wa kutare albashi domin ya wadatar da su daga roƙo, ya ba gurgu mai yi masa hidima, ya ba makaho ɗan jagora. A Alƙahira kuwa, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 an yi masa waƙafi da sharaɗin a yi jinyar mawadaci da matalauci, ɗan gari da baƙo.

Daga waɗannan za mu fahimci hukunci guda biyu. Na farko, abin da hukuma take kashewa a kan jinyar maras galihu haƙƙinsa ne da ke cikin dukiyar jama'a, shugaba wakili ne kawai a kanta, ma'aikaci kuma ɗan aike. Na biyu, wannan haƙƙi bai rataya ga addinin mutum ko ƙabilarsa ko garinsu ba. Bamange da Batube da Bafillace da Buzu da Bahaushe, da baƙon da ba mu san daga inda ya fito ba, duk ɗaya suke a bakin ƙofar likita.

ABIN DA HUKUMA TA TANADA A NIJAR

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka faro. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince da tsarin da zai sa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu domin kada magani ya yanke a ƙananan gidajen likita. An gwada tsarin a Boboye da Say a 1993 da 1994, daidai lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, magani ya yi tsada, sa'annan dokar 1995 ta shimfiɗa shi ga ƙasa baki ɗaya. Tsarin ya taimaka wajen samuwar magani, amma ya bar wanda ba shi da ko dala a waje.

Daga baya aka riƙa buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Wata doka ta 1996 ta yafe wa naƙasassu kuɗin gwaji da na kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. A zamanin Shugaba Tandja Mamadu, bayan yunwar 2005, aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. A 2018 aka yi dokar kāre rayuwar masu rauni. A watan Agusta na 2024 gwamnatin Janar Abdurahamane Tiani ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da fiɗa a asibitocin gwamnati, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jaka 150 da ake karɓa daga mai fara wankin ƙoda, aka soma aiki da wannan daga 1 ga Satumba na shekarar. Ban da waɗannan, maganin tarin tibi da na kuturta da na ƙanjamau kyauta ake ba da su. Ga baligin da ba shi da komai kuwa, hanyar da aka sani ita ce takardar shaidar rashin ƙarfi, wadda ma'aikatar magajin gari take bayarwa bayan bincike, a kai ta ga ofishin jin ƙai na asibiti.

Wannan duka alheri ne, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

INDA IGIYAR TAKE TSINKEWA

Kyautar jinya a ƙasar nan an gina ta ne a kan bashi. Gidan likita yana yi wa yaro magani bai karɓi kuɗi ba, ya rubuta lissafi ya aika sama, ya jira hukuma ta biya shi, da kuɗin kuma zai sake sayen magani. Idan biyan ya yi jinkiri, sai ma'ajiyar magani ta bushe. Shekara da shekaru bayan 2006 bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, abin da masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai suka yi rubutu a kansa, har daga baya hukuma ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna INAM domin ta kula da wannan biya. Idan magani ya yanke, sai a miƙa wa majinyaci takarda ya je kanti ya saya. Mai gida zai sayar da akuya ko ya ci bashi wurin maƙwabci. Mai kwana a tasha kuwa sai ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam. A Amurka, wata doka ta 1987 ta sa gwamnatin tarayya tana ba wasu asibitoci kuɗi tun da farko domin marasa gida kawai, ma'aikatansu su fita su neme su inda suke kwana. A Faransa an kafa irin wannan aiki na fita da mota da dare a birnin Paris a 1993, aka kuma kafa reshensa a Bamako a 2001 domin yaran titi. Dalilin da ya sa suka yi haka shi ne sun gane maras gida ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ko da kuɗin ya sauka a kan lokaci, akwai abubuwa uku da tsarinmu yake tambayar majinyaci, waɗanda maras matsuguni ba shi da ko ɗaya.

Na farko, takarda. Wanda ya gudo daga garinsu da dare, ko ruwa ya ci ɗakinsa, ko bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba, da me zai tabbatar da kansa? Takardar rashin ƙarfi kuma tana bukatar wanda ya san ofishin, ya san abin da zai faɗa, yana da ƙarfin zuwa da komowa. Ga shi kuma kowace gunduma ta fi son ta ɗauki nauyin mutanenta, shi kuwa baƙo ne.

Na biyu, gida. Gidan sauro da ake rabawa, gida-gida ake ƙirgawa. Maganin rigakafin masassara da ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 a watannin damina, ƙofa-ƙofa ake bi da shi. Maganin tarin tibi wata 6 ake sha ba fashi, kuma idan majinyaci ya daina zuwa sai a bi shi gida. Wanda ba shi da ƙofa, ina za a ƙwanƙwasa?

Na uku, mai jinya. Kowa ya san a asibitocinmu ɗan'uwa ne yake sayo magani, ya kawo abinci, ya yi wanki, ya kira ma'aikaci da dare, ya ba da jini idan an bukata. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gunduma aka ce sai babban asibitin Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 160 ce, da kuɗin mai da na zama a can. Ragin rabi sauƙi ne babba ga mai jaka goma. Ga wanda ba shi da komai, rabin ma dutse ne da ba ya iya ɗagawa.

HUKUNCIN DA YA HAU KAN JAMA'A

Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi a cikin farillan kifaya, tare da alƙalanci da limanci da shirya mamaci, masu sharhi kuma suka fassara shi da ciyar da mayunwaci da tufatar da maras tufa idan zakka da baitulmali ba su wadatar ba. Ma'anar farillar kifaya ita ce, idan wasu suka yi ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. To, mu duba halinmu. Idan baƙo ya mutu a tasha, nan da nan za a sami likkafani da masu wanka da masu haƙa kabari, sahu ya cika. Wannan daidai ne. Amma farillar da ta tashe mu a kan gawarsa ita ce ta hau kanmu tun yana numfashi, lokacin da maganin jaka biyu zai iya tashinsa da izinin Allah.

Malamanmu na Malikiyya suna da wata ƙa'ida, cewa jama'ar Musulmi suna tsayawa a matsayin alƙali a inda babu shi ko aka kasa kai wa gare shi. Wanda ba shi da waliyyi, kamar mai taɓin hankali ko tsintaccen yaro, ba a barinsa haka nan. Saboda haka muna ba kwamitocin masallatanmu shawara da abubuwa kamar haka:

1. Kowane masallaci ya san masu kwana a kewayensa da sunayensu da garuruwansu, a rubuta a littafi, a ɓoye sirrinsu. Ladan da mai shara sun fi kowa saninsu.

2. A zaɓi mutum biyu masu amana, da mace ɗaya daga cikin malamai mata domin sha'anin mata, waɗanda za su koyi hanyar samun takardar rashin ƙarfi, su gabatar da kansu ga mai unguwa da ma'aikatar magajin gari da ofishin jin ƙai na asibiti tun kafin bukata ta taso. Shaidar liman da mai unguwa tana da nauyi.

3. Masallaci ya zama adireshin wanda ba shi da adireshi. Idan masu rabon gidan sauro ko masu rigakafi suka shigo unguwa, a kai su inda waɗannan bayin Allah suke. Mai shan maganin tarin tibi a sa masa wanda zai riƙa tuna masa kowace safiya.

4. Matasa su yi jerin masu jinya, kowa da darensa, gidaje kuma su yi karɓa-karɓar kai abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. A keɓe asusu domin abin da kyautar hukuma ba ta rufe ba, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Sadakar nafila tana shiga kowace irin hidima. Zakka kuwa, a mazhabarmu mallaka wa matalauci ake yi, saboda haka a ba shi a hannunsa ko a saya masa magani da izininsa, kada a sa ta a gini. Miskini da wanda bashin jinya ya kama da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata.

6. Wakilan jama'a a kwamitocin kula da gidajen likita su riƙa halartar taro, su tambaya da ladabi nawa aka ware wa marasa ƙarfi a kasafin gunduma, mutum nawa suka amfana. Wannan yana cikin nasiha ga shugabanni, wadda addini ya yi umurni da ita.

7. Malaman allo su sani almajiri amana ce a hannunsu. Wanda ya karɓi yaro ya karɓi nauyin makwancinsa da rigakafinsa da jinyarsa, uban da ya kawo shi kuma ciyarwa ba ta faɗi daga kansa ba.

WASU TAMBAYOYI

Wani zai ce, kuɗin hukuma a gauraye suke da haraji da taimakon ƙasashen da ba na Musulmi ba, shin ya halatta a ci? Amsa ita ce ya halatta. Mabukaci haƙƙinsa yake karɓa, kuma Annabi (S.A.W.) ya karɓi kyautar Muƙauƙisu sarkin Masar.

Wani zai ce, wannan zai ƙara wa mutane son bara. Lalle bara ba tare da lalura ba abin zargi ne, kuma ba mu manta da kunyar da aka sha a watan Maris na 2022 ba, lokacin da aka kwaso kimanin 'yan Nijar dubu ɗaya masu bara daga Dakar, akasarinsu daga jiharmu. Amma magani ba ya koya wa mutum roƙo. Ciwon da ba a yi wa magani ba shi ne yake mayar da leburan kasuwa mabaraci. Unguwar Kara-Kara ta Damagaram, inda aka tara kutare nesa da gari, ta isa ta nuna mana abin da ware majinyaci yake haifarwa har ga jikokinsa.

Wani kuma zai ce, ai kowa da ƙaddararsa. Haka ne, amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya umurce mu da neman magani.

GARGAƊI

Muna jan kunnen kanmu da 'yan'uwa game da cin wannan amana. Mai hali da ya nemi takardar rashin ƙarfi ta hanyar sanayya ya ci haƙƙin miskini, kuma wanda ya yi masa shaida ya yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Wanda ya rage shekarun ɗansa domin ya shiga kyauta ya yi ha'inci. Duk wanda aka damƙa wa maganin kyauta ko gidan sauro ya karkatar da shi kasuwa, wannan shi ne gululu, kuma nassi ya tabbata cewa mai yinsa zai zo da abin da ya ɓoye yana ɗauke da shi ranar ƙiyama. Haka kuma muna girmama ma'aikatan lafiya masu haƙuri da ƙarancin kayan aiki, muna roƙonsu su dubi mai tsumma da idon da suke duban mai babbar riga.

A cikin hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama a kan maras lafiyar da bai je dubawa ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Hadisin bai ce sai maras lafiya mai gida ba. Muna fatan kowane kwamitin masallaci zai zauna a kan wannan darasi kafin damina ta kama, ya fara da littafin sunaye, domin shi ne mafi sauƙi kuma a kansa sauran suke hawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci, Ya shiryi shugabanninmu ga tsare amana, Ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.